Kwamfutar Mudi a Bakin Kanal

Wannan labari ba a bakin wani na tsince shi ba. Ina tsaye a wurin, har ruwan ya fallatsar mini a ƙafar wando. In kun ji gishiri ya ɗan yi yawa a wani wuri, ku yi haƙuri, hannuna ne yake rawa.

A Gidan Ɗinya, wani ɗan ƙauye tsakanin Ƙofa da Tiga, muna da wani mutum wai shi Mudi. Shekara shida ya yi a Kano yana tallan rigunan waya a kan tire, da ya dawo gida sai ya dawo da sunan Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya zo da abinsa a aljihu. In fitilarka ta mutu, Mudi ya san dalili. In injin ban ruwanka ya ƙi tashi, Mudi ya san dalili. In ka kuskura ka ba shi ya gyara, to kai ma za ka san dalilin da ya sa sauran mutane ba sa ba shi.

Mu da noman rani muke rayuwa. Ɗan kanal guda ne ya ratso ta bayan gari, gonaki ashirin da huɗu suna jere a jikinsa, albasa da tumatir da alkama. Ruwan ba ya isar kowa a lokaci guda, saboda haka akwai jerin ban ruwa: wane daga safe zuwa azahar, wane daga azahar zuwa la'asar, haka har a zagayo cikin kwana takwas. Wanda lokacinsa ya wuce, sai wani zagayen. Duk wannan yana cikin wani tsohon littafi mai baƙin bango da ke hannun sakataren ƙungiya, Baba Maikano. A ciki akwai wanda ya yi musayar rana da maƙwabcinsa, akwai lokacin da shanun Ardo suke sauka su sha. In babu littafin nan, kowa a garinmu zai rantse maka rabonsa yini guda ne cur.

Bana sai idon Baba Maikano ya gaji. Shugaban ƙungiya, Alhaji Uba, ya tara mu ya ce, "Ranar Asabar za a buɗe ƙofar ruwa. Duk wanda ya tsaya a bakin kanal ya karanta mana jerin bana tsaf, babu gargada, shi ne sabon sakatare."

Mudi ya miƙe kafin Alhaji ya rufe baki. "Ranka ya daɗe, a daina wahalar da jama'a. An samu."

"An samu wa?"

"Ni mana. Kuma ba da biro zan yi ba. Da kwamfuta."

Mujitaba, taubashin Mudi, ɗan achaɓa mai kyan rubutu wanda kowa ya zaci shi zai gaji Baba Maikano, ya ce, "Kwamfutar wa za ka aro?"

"Aro? Ka jira jibi, ɗan ƙauye."

Washegari Mudi ya sayar da ɗan akuyarsa ya hau mota sai Kano. Wayarsa ƙarama ce, an ɗaure ta da kyauro, don haka ya karɓi babbar wayar matarsa, wai kada 'yan kasuwa su raina shi. Matar tasa, Malama Safara'u, tana koyarwa a firamaren garinmu, kuma tana da tata gonar a jikin kanal, gadon mahaifinta. Mace ce marar hayaniya. Ta miƙa masa wayar ta ce, "Baban Rumaisa, a dai dawo mini da ita da ranta."

A kasuwar waya duk kwamfutar da ya taɓa sai farashinta ya ƙone masa yatsa. Can a wani lungu wani saurayi ya ɗauko masa wata 'yar siririya mai ruwan toka, wadda ɗan akuya zai iya saye har a yi kuɗin mota.

Saurayin ya ce, "Yallaɓai, bari in gaya maka gaskiyarta. Ba ta da nauyi. Kana ɗaga murfi ta tashi. Cajinta yana kai yini. Ba ta cika kamuwa da cutar kwamfuta ba, kuma ko ta lalace, abin da ka rubuta yana nan ajiye a intanet. Amma fa duk aikinta a burauza take yi, wato tagar da ake leƙa intanet ta ciki. In babu sabis, rabin hankalinta ya tafi. Manyan manhajojin da ake sa wa sauran ba ta ɗauka, cikinta ma ƙarami ne. Zauna minti biyar in saita maka ita yadda za ta riƙa buɗe takardunka ko babu sabis."

Rabin farko na wannan bayani Mudi ya ji shi sarai. Rabin ƙarshe kuwa ya same shi yana kallon fuskarsa a baƙin gilashin yana gyara zaman hula.

Ya ce, "Kai ne za ka saita mini? Lokacin da nake cikin kasuwar nan kana goye."

"To ko imel a buɗe maka, ba ta aiki sai da shi. Kawo lambar waya."

Mudi ya tura masa wayar Safara'u da gefen hannu. "Yi sauri, ina da taro."

Da safe ya bayyana a teburin mai shayi, ya sa babbar riga, kwamfuta a hammata. Ya share wurin da hannun riga, ya ajiye ta, ya ce, "Kowa ya ƙirga. Ɗaya, biyu..." Kafin mu kai shida ta haska. Gaskiya mun yi mamaki, domin ta ɗakin shan maganinmu, in aka kunna ta, har ka je ka yi alwala ka dawo tana miƙa.

Goggo Asabe mai ƙosai, wadda ita ma tana da gona a kanal, ta goge hannu a zani ta ɗaga ta. "Kai ɗan nan, an cuce ka. Babu komai a ciki. Murfin langata ya fi wannan nauyi."

"Goggo, ilimi ba ya nauyi."

"Shi ya sa nake ganin kana tafiya kamar iska za ta ɗauke ka."

Ya jona ta da wayar Safara'u, ya nuna mana Ka'aba, ya nuna mana farashin albasa a Legas, ya nuna wa Ardo wata saniyar Turawa mai hantsa kamar tulu. Ardo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a mayar da ita baya ya ga ƙafafun. Tun hantsi har la'asar ana abu guda, caji bai ko motsa ba. A nan Mujitaba ya sare. Ya ce shi da bironsa sun janye, ba zai yi takara da aljani ba.

Mudi ya ce, "Ka kyauta wa kanka. In na hau, zan riƙa ba ka aikin kai saƙo."

Ya je ya karɓi littafin daga hannun Baba Maikano. Tsohon ya riƙe shi da hannu biyu kamar zai miƙa jariri. "Mudi, shekara goma sha tara yana hannuna, ko kusurwa ba ta yage ba."

"Baba, ka kwantar da hankali. Ritaya zai yi, kamar kai."

Kwana uku Mudi yana sintiri zuwa Kiru, inda ya samu wani shagon buga takardu mai sabis mai ƙarfi. Da yatsa guda yake bugawa, harshe a waje. In ya nemi harafi ya rasa, sai ya ce kamfani ne suka manta ba su sa ba. Mai shagon ya nuna masa sau biyu, a na uku ya ƙyale shi. Ranar Laraba ya gama. Ranar Alhamis ya yi wa aikin kwafi, sai ya ga wani maɓalli ya taɓa don ya ga abin da zai yi. Nan take sunayen nan suka yi tsalle suka jeru bisa haruffa, masu A a sama, kowa a bayan ɗan'uwansa, ranaku kuwa suna nan inda suke.

Mudi ya tafa. "Kai! Shekara goma sha tara tsohon nan yana riƙe da hargitsi, ni na gyara da yatsa ɗaya."

Mai shagon ya ce, "A buga maka a takarda ko?"

Aka jona ta da firinta. Firintar tsohuwa ce, ta yi gyaran murya, ta yi shiru. Aka cire aka sake. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan baiwar Allah ba.

"Irin taku ba ta shiri da tsofaffin firinta. Turo mini ta imel in buga maka a tawa."

"In tura maka sirrin ƙungiya? Bar shi. Takarda ta mutanen da ce. A gilashi zan karanta, kowa ya gani."

Ranar Asabar da sassafe Safara'u ta shirya za ta Tudun Wada, ƙanwarta ta haihu, ranar suna. Ta ɗauki wayarta ta sa a jaka. Ta ce, "Ba ka buƙatarta a wurin taron?"

"Me zan yi da ita? Komai yana cikin nan." Ya ƙwanƙwasa murfin kwamfutar. Ta dube shi, ta buɗe baki, sai kuma ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fita.

Hantsi bai gama ɗagawa ba duk mun hallara a bakin ƙofar ruwa. Ƙofar ƙarfe ce, a samanta akwai wata 'yar siririyar gada da mai buɗewa yake tsayawa. Kowa ya zo da fartanya da buhun yashi na tare ruwa. An shimfiɗa wa Alhaji Uba da Baba Maikano tabarma. Mudi ya iso a ƙarshe, ya sa wani farin gilashi da ban taɓa ganinsa da shi ba.

Aka yi addu'a. Alhaji ya ce, "Bismillah, Injiniya."

Ya ɗaga murfi, ya juyo da ita gare mu. Ba mu ga komai ba sai fuskokinmu.

Goggo Asabe ta ce, "Madubi ka sayo ashe."

"Rana ce, Goggo. Ba ta son rana."

"A garin nan? To ta zo gidan da ba nata ba."

Mudi ya tsuguna, ya jawo babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da kwamfutar gaba ɗaya. Muka zauna muna kallon wani tulin shadda yana motsi. Daga ciki muka ji ƙwas, ƙwas. Shiru. Ƙwas ƙwas ƙwas. Sai muka ji ƙaramin salati.

Alhaji ya ce, "Lafiya a ciki?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Tana gaisawa ne."

"Da wa?"

Mujitaba ya ɗaga gefen rigar ya cusa kai. Ya fito yana dariya har da riƙe ciki. "Jama'a, farin fili ne fetal. Ta ce babu intanet."

Mudi ya fito jiƙe da gumi, gilashi ya karkace. "Ƙaramin abu ne. Jerin yana nan, hanya ce kawai babu. Mujitaba, kawo wayarka in jona."

"Ni ɗan kai saƙo?"

"Haba ɗan'uwa. Wasa fa nake yi."

"Ce Yaya Mujitaba."

"Na girme ka da wata bakwai!"

"To jira wata bakwai ɗin su kawo maka sabis."

Sai da Mudi ya ce Yaya, a gaban kowa, har sau biyu domin Goggo ta ce ba ta ji na farko ba. Aka jona. Amma duk wanda ya san bakin kanal ɗinmu ya san kwari ne, sabis ba ya sauka can sai ya ɓata hanya. Mujitaba ya ɗaga waya sama ya fara tafiya, Mudi yana biye da shi da kwamfuta a buɗe a tafin hannu kamar mai tallan goro. Suka yi gabas, muka bi su. Suka yi yamma, muka bi su. Suka ratsa ta cikin fangalin tumatirin Malam Adamu, shi kuma ya bi su da abin da ba zan maimaita ba.

A gefen gonar akwai wani dogon suri. Mujitaba ya ce, "Nan ya ɗan motsa! Layi ɗaya!" Suka haye tare, suka tsaya a ƙoli, bayan wannan a jikin bayan wancan. Wata 'yar da'ira ta fara juyawa a gilashi.

Mudi ya ce, "Ga shi nan! Yana zuwa! Jama'a a yi shiru, kada a firgita shi!"

Muka yi tsit. Ashe cinnaku sun riga gara kama gidan. Mun dai ga Injiniya ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Sai kafaɗa ta shiga. Sai ƙugu. Bai saki kwamfuta ba, bai kuma sauko ba, yana ta taka wata irin rawa a kan surin yana cewa, "Saura kaɗan, wayyo, saura kaɗan!" Mujitaba ne ya fara tsalle ya dire, sabis ya bi shi.

Alhaji Uba ya dubi rana. "Mudi, inuwa tana gajarta. Mutane sun bar aikinsu."

"Ranka ya daɗe, wuri ɗaya ya rage."

Wurin shi ne 'yar gadar da ke kan ƙofar ruwa. Faɗinta bai fi taki ɗaya ba, ruwa ya taru a bayanta yana jiran a sake shi. Suka hau. Mujitaba ya ɗaure wayarsa a bakin sandar Ardo ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Layi biyu suka fito. Aka yi kabbara.

Sai kwamfuta ta kawo wani rubutu. Mudi ya ƙura masa ido, leɓensa yana motsi.

Mujitaba ya leƙo. "Cewa ta yi ka tabbatar kai ne."

"Ni? Ni take tambaya ko ni ne? Wa ya saye ki? Akuyar wa aka sayar?"

"Ta ce ta aika lamba shida zuwa wayar da aka buɗe imel da ita."

Mudi ya ce, "Wayar tana Tudun Wada."

Alhaji Uba ya zaro tasa wayar, ya miƙa aka hau da ita gada, aka kira Safara'u, aka buɗe murya don hannun kowa a cike yake. Ta ɗauka, bayanta ana ta guɗa da ƙarar turmi.

"Salamu alaikum, Alhaji, ina wuni? An buɗe ruwa lafiya?"

Mudi ya rage murya. "Ni ne. Wata 'yar lamba ta shigo wayarki, karanto mini."

"Baban Rumaisa? Ba na ji, ɗaga murya."

"Lamba! Ta shigo wayarki!"

"Wace waya? Wadda ka ce ba ka buƙata?"

Goggo Asabe ta zauna daɓas a kan buhun yashi.

"Safara'u, jama'a suna ji."

"Au, to ina gaida jama'a. Baba Maikano yana nan? Baba, ina wuni, ya ƙarfin ido?"

Sai da ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, aka yi mata barka, aka tambayi sunan jariri. Mujitaba yana ta kukan hannunsa zai tsinke. Sannan ta karanto lambar. Mudi ya danna da yatsansa guda. Jeri ya fito.

Ya gyara gilashi, ya buɗe ƙirji, ya dube mu daga sama kamar mai huɗuba. Duk wahalar da ya sha ta bi ruwa.

"Jerin ban ruwa na bana, tsarin zamani, aikin Injiniya Mudi. Asabar da safe: Abdu."

Abdu, wanda gonarsa ce ta ƙarshe can wutsiyar kanal, ya dafe ƙirji. "Ni? Ni da ruwa ke yin rabin yini kafin ya iso ni?"

"Bayan Abdu, Adamu."

Malam Adamu, wanda a littafi Adamu kawai aka rubuta shi, ya ce, "Ni ne na biyu daga sama! A kai ruwa wutsiya sannan a dawo da shi kai? A ka za a ɗauko shi?"

"A bari in gama. Bayan Adamu, Alhaji Bala. Alhaji Garba. Alhaji Sani. Alhaji Uba."

Sai Goggo Asabe ta miƙe ta ɗaure ɗankwali. "To! Yanzu ruwan ma sai wanda ya je Makka?"

Nan fa aka kaure. Wani ya ce dama ya ga Mudi yana shiga zauren Alhaji. Wani ya ce an sayar da talakawa. Ni da nake Malam, na lissafa na ga duk mu malamai an tara mu rana ta biyar da ta shida, na ce ban yarda ba. Yakubu da Zubairu, da suka gane inda abin ya dosa, suka fara naɗe hannun riga. Alhaji Uba, bawan Allah, ya miƙe yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa ba da shi aka ƙulla ba.

Mudi yana ihu daga kan gada, "Tsari ne! Haka ake yi a ko'ina a duniya! Harafi bayan harafi!"

Baba Maikano bai ɗaga murya ba, amma da ya yi magana aka saurara. "Mudi, ruwa bai yi makaranta ba. Gangara ya sani. Daga gona sai ta kusa da ita, a ɗage buhu a matsar da shi gaba. Kawo littafina a karanta, mu tashi."

Mudi ya dubi sama, ya dubi ruwa.

"Ina littafin?"

"Baba, ai da na gama da shi... akwai wani mai tsire a tashar Kiru, ya ce takardarsa ta ƙare..."

Baba Maikano ya ce, "Innalillahi."

"Amma Baba komai yana cikin nan! Duk abin da ke littafin yana cikin wannan!" Ya ɗaga kwamfutar da hannu ɗaya yana kaɗa ta don mu gani. Na gaya muku ba ta da nauyi. Hannun babbar riga ya harɗe da sandar Ardo, ya fizga, sai ga kwamfuta ta tashi sama kamar faifai. Ta juya sau biyu, ta sauka a kan ruwa a buɗe. Wallahi sai da ta yi ɗan iyo, gilashinta yana haske, sunayen Alhazai suna kallon sama. Sannan ta nutse.

Mudi ya ce, "Akuyata!" ya bi ta. Ruwan da ya fallatsar mini ke nan.

Ruwan iya ƙirji ne. Ya lalubo ta ya fito, hula ta tafi, gilashi ya tafi, gansakuka a kunne. Ya buɗe ta, ruwa ya zubo ta tsakanin haruffa. Ba wanda ya yi dariya. Babu littafi, babu kwamfuta, ga dashen albasa yana jiran ruwa a gona ashirin da huɗu. Har na ji Zubairu ya fara cewa shi dai ya tuna rabonsa yini guda ne.

Sai wata murya ta fito daga wayar Alhaji, wadda ke hannun Mujitaba ba a kashe ba.

"Wai me ya faɗa ruwa? Na ji ƙara."

Mujitaba ya ce, "Mijinki ne da amaryarsa. Shi ya fito, ita ta rasu."

"Allah sarki. Alhaji, in jerin ake nema, ai yana nan a wayata."

Alhaji ya karɓe wayar. "Me kika ce, Malama?"

"Da lambata aka buɗe imel ɗin, kuma a wayar nan aka buɗe shi. Duk abin da ya rubuta a Kiru ina ganinsa. Guda biyu ne ma. Akwai na Laraba, ya sa masa suna Aikin Injiniya. Akwai kwafin da ya yi ranar Alhamis, Aikin Babban Injiniya. Wanne za a karanta?"

Baba Maikano ya ce, "Na ƙaramin injiniyan, 'yata."

Ta ce wa matan gidan suna su ɗan tsagaita da daka. Ta fara, a nitse, kamar tana kiran sunan 'yan aji. Gona bayan gona, daga kai zuwa wutsiya, da musayar da Yakubu ya yi da Malam Sule, da lokacin shanun Ardo. Baba Maikano ya rufe ido yana gyaɗa kai, yana bin kanal ɗin a zuciyarsa. Wuri biyu ta tsaya ta ce, "Nan an yi kuskuren bugu, Baba, la'asar ce ko?" ya ce la'asar ce. Da ta kai kan Abdu, na ashirin da huɗu, tsohon ya buɗe ido ya ce, "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Alhaji Uba ya gyara zama. "Jama'a, na ce wanda ya karanta mana jeri tsaf a bakin kanal, shi ne sakatare. Kun ji wanda ya karanta."

Mudi ya yi wuf, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. "Ranka ya daɗe, ai ba ta bakin kanal! Tana Tudun Wada!"

Goggo Asabe ta ce, "Muryarta tana nan. Kai da kake nan gaba ɗayanka me ka karanta?"

Aka ɗaga hannu. Ashirin da biyu. Mudi ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga nasa a hankali, kwamfuta tana tsiyaya a ɗaya hannun.

Daidai nan ladan ya kira azahar daga cikin gari. Alhaji ya ce, "Sakatare, wa ke da ruwa yanzu?"

"Azahar zuwa la'asar, Malam Adamu, gona ta biyu."

Mudi ya zabura. "Tsaya! Ta ɗaya fa? Ta ɗaya tawa ce!"

"Gona ta ɗaya, ta Baban Rumaisa, Asabar daga safe zuwa azahar. Ga shi an kira."

"Ai ba a buɗe ruwan ba!"

Malam Adamu ya riga ya saɓa buhunsa. Ya ce, "Wa ya hana a buɗe?"

Mudi ya karɓi wayar da jiƙaƙƙen hannu, ya juya mana baya, ya manta murya a buɗe take. "Safara'u. Malama. Kwana takwas fa. Dashen nan ba zai kai ba. A ɗan juya mana, ko na awa ɗaya."

"Wa ke magana?"

"Ni ne mana, mijinki!"

"To, mijina zan gan shi da yamma, na ƙullo masa naman suna. Mai gona ta ɗaya kuwa, in yana da koke, ya zo Litinin bayan an tashi daga makaranta."

"In zo ina?"

"Zauren gidanmu. A bi layi."

Ranar Litinin na bi ta ƙofar gidan da idona. Mutum uku ne a kan benci. Mudi ne na ukun, a ƙofar gidansa, da bokitin ban ruwa a gabansa domin kwana biyu ke nan da hannu yake shayar da albasa. Na same shi ya karkata wajen Ardo yana ce masa, "Duk abin nan da ka ga tana yi, ni na koya mata."

Ardo ya ce, "Madalla. Matsa kaɗan, Injiniya, ni ne a gabanka."